Ku Tambayi Anti: Rayuwar Mai Karanta Labarai A Talabijin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na ambata a wancan makon cewa na yi shekaru ina aikin furodusa a ɗakin labarai na wata tashar talabijin, saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, kuma kusan dukkansu akan mutum ɗaya ne, wato wannan da kuke gani zaune bayan tebur kullum da daddare yana muku sallama yana jero kanun labarai. Na haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, masu tsawo kuma na rage musu, wanda bai ga tasa ba dan Allah ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Anti ina aji biyu a jami'a, tun ina ƙarama burina kenan in zama mai karanta labarai. Ƙawayena suna cewa ina da murya kuma fuskata za ta yi kyau a kyamara. Me ya rage min? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Ƙanwata Allah ya cika miki burinki, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun yanzu. Murya da fuska suna da amfani, bazan ce basu da shi ba, amma wallahi na ga masu murya kamar sarewa da suka zo intabiyu aka zaunar da su a kujera, minti biyu basu yi ba suka rikice, saboda karatu kawai suke yi basu san me suke karantawa ba. Mai kallo yana gane wannan nan take ko da bai iya faɗin yadda aka yi ya gane ba. Idan kika karanta labarin kasafin kuɗi baki san bambancin kuɗin ayyuka da kuɗin albashi ba, muryarki za ta danna inda bai kamata ba, ta wuce da gudu inda ya kamata ta tsaya, shikenan labarin ya mutu a bakinki.

Hanyar da yawancin mutane suke bi su kai ga kujerar nan ita ce aikin rahoto. Ki fita da mai kyamara cikin rana, ki je kotu ki zauna tun safe a ɗage shari'ar, ki je inda gobara ta tashi ki tambayi mutumin da shagonsa ya ƙone ba tare da kin ƙara masa ciwo ba, ki dawo a guje ki rubuta ki haɗa hoto da murya kafin lokacin labarai ya yi. Shekara biyu, uku, wani ma biyar. Daga nan sai a fara gwada ki da labaran ƙarshen mako ko na asuba lokacin da masu kallo basu da yawa, ko ranar da mai kujerar ya tafi hutu. Walter Cronkite ɗin nan na Amurka da ake ta buga misali da shi, wanda ya karanta labaran yamma na CBS daga 1962 zuwa 1981, ai ɗan rahoton kamfanin dillancin labarai na United Press ne tun farko, har fagen Yaƙin Duniya na Biyu ya je ya aiko da rahoto kafin ya taɓa zama gaban kyamara.

Toh abinda zaki fara tun yau, ba sai kin jira digiri ba. Ki ɗauki labari ɗaya a jarida mai tsawo, ki matse shi ya koma na sakan 30. A Turanci ana lissafin kalma 3 a sakan ɗaya, kinga kenan kalma 90 kacal gare ki, a ciki sai kin faɗi me ya faru, a ina, wa ya shafa, kuma wa ya faɗa. Ki karanta da ƙarfi ki ɗauki kanki a waya, ki saurara. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ki kai ƙarshenta, ta yi tsawo, ki raba ta. Rubutun kunne daban ne da rubutun ido, mai karanta jarida zai iya komawa baya ya sake dubawa, mai kallonki kuwa in ya wuce shi ya wuce shi har abada. Sannan sunaye, dan Allah sunaye. Sunan mutum da sunan gari, in baki tabbata ba ki tambayi ɗan wurin. Mutane za su yafe miki tuntuɓen harshe sau goma amma ranar da kika murɗe sunan ƙauyensu ba za su manta ba.

Ko wane kwas kike karantawa kar ki damu, aikin jarida yana taimakawa sosai amma na yi aiki da wanda ya karanta tarihi da wadda ta karanta lauya kuma dukkansu sun yi fice. In jami'arku tana da gidan rediyo ki shiga ko kyauta ne.

TAMBAYA: Wai ta yaya suke haddace labarai na rabin awa, ko takarda basa kallo? Ni abin yana ɗaure min kai. Daga wani mai gyaran waya.

AMSA: Malam ba hadda bace, na'ura ce, telefuramta ake ce mata. Tunda kai ma'abocin kayan lantarki ne bari in maka bayanin yadda take. A gaban idon kyamara akwai wani gilashi da aka jingina shi a karkace, a ƙarƙashinsa kuma akwai allo yana kallon sama, rubutun yana gudu akan allon a juye, sai gilashin ya dawo da shi daidai zuwa fuskar mai karatu. Ita kyamara tana bayan gilashin tana gani ta cikinsa bata ganin rubutun. Kaga kenan shi rubutu yake kallo, kai kuma a gida gani kake idonka yake kallo. A wajajen 1950 aka fara amfani da ita a Amurka, wani injiniya Hubert Schlafly yana cikin waɗanda suka haɗa ta, a lokacin doguwar takarda ce a naɗe ana murza ta, kuma 'yan wasan kwaikwayo na talabijin aka fara yi wa ita don kar su manta zancensu. Yanzu kwamfuta ce, wani wurin akwai mai murza rubutun daidai da saurin bakin mai karatu, wani wurin kuma shi da kansa yake yi da ƙafa ko da hannu a ƙarƙashin tebur.

Takardun nan da kake gani a gabansa kuma ba ado bane. Na'urar tana iya ɗaukewa a tsakiyar jimla, na sha gani, wanda ya ƙware yana juya shafinsa a hankali duk labarin da ya wuce, don haka in allo ya mutu kansa kawai zai sunkuyar ya ci gaba kamar ba abinda ya faru.

Abinda ya fi wannan wahala ma baka ganinsa. A kunnensa akwai ɗan ƙaramin abin sauraro, wayarsa ta bi ta bayan wuya ta shige riga, ta nan muke masa magana daga ɗakin kwantirol. Yana cikin karanta labarin ambaliya ni kuma ina ce masa labari na gaba ya faɗi, hoton bai iso ba, ka tsallake zuwa na bakwai, saura sakan 20 mu tafi talla. Bakinsa na faɗin abu ɗaya kunnensa na jin wani, fuskarsa kuma dole ta zauna lafiya lau. Ka gwada karanta jarida da ƙarfi wani yana maka lissafi a kunne zaka gane abinda nake nufi.

TAMBAYA: Anti ni fa bana yarda da su. Ai abinda masu gidan suka rubuta musu suke karantawa, ko ƙarya ce haka za su faɗa da murmushi. Ko ba haka bane? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam tambayarka tana da nauyi kuma bazan share ta ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Da farko yadda abin yake a rana ta yau da kullum. Da safe ana taron edita, a zauna a ce yau me za mu bi, wa zai je ina. Furodusa yana jera labaran ɗaya bayan ɗaya da tsawon kowanne har zuwa sakan, 'yan rahoto suna rubuta nasu, edita yana dubawa. Mai karanta labarai na kirki yana shigowa awanni kafin lokaci ya zauna ya bi rubutun nan layi-layi, ya gyara inda bakinsa ba zai ɗauka ba, ya tambaya wannan adadin daga ina muka samo shi, wannan zargin mun ji ta bakin wanda ake zarga kuwa? A tashoshi da yawa ma shi ɗin yana cikin manyan editoci. Akwai kuma malalaci da zai shigo saura minti goma ya shafa hoda ya zauna, wannan kam duk abinda aka sa masa shi zai faɗa, kuma irinsu ne suke ja wa sauran zagi.

Batun masu gida kuwa gaskiya ne suna da hannu, ko gwamnati ce ke da tashar ko ɗan kasuwa. Kuma ba wai a ƙasashe masu tasowa kaɗai ba. A 2018 wani kamfani a Amurka mai suna Sinclair, wanda a lokacin yake da tashoshin cikin gari kusan 200, ya aika wa tashoshinsa rubutu iri ɗaya ya ce masu karanta labarai su karanta. Sai wani shafin intanet, Deadspin, ya haɗa bidiyonsu wuri guda, ka ga mutane da dama a garuruwa daban-daban suna faɗin kalmomi iri ɗaya sak kamar 'yan aji suna bin malami. Abin ya tayar da ƙura sosai, kuma dalilin da yasa ya yi wa mutane zafi shine kowa a garinsa yana ganin wannan mai labaran nasa ne, ɗan gari ne, ashe maganar daga wani ofis mai nisa ta fito.

Amma abinda na fi gani da idona ba ƙarya ƙiri-ƙiri bace, shiru ne. Labarin da ya kamata ya zo na farko a tura shi na tara, ko a ce lokaci ya ƙure a cire shi gaba ɗaya. Akwai daren da aka kira mu daga sama saura kaɗan mu shiga, aka ce labarin wani asibiti da marasa lafiya suke kwana a ƙasa kar ya fita. Mun yi kwana uku muna haɗa shi. Mai karanta mana labarai a lokacin, dattijo ne, ya tashi da kansa ya hau bene ya yi magana, ya dawo bai ci nasara ba, labarin bai fita ba a daren. Amma da aka kawo masa wata takarda ta maye gurbi mai cewa komai lafiya a asibitin sai ya ajiye ta gefe ya ce shi ba zai faɗi abinda ya san ba haka bane, in ana so a samo wani ya karanta. Ba a samo ba. Har yau in na tuna hotunan matan nan a kan tabarma a barandar asibiti raina yana ɓaci, don an hana mu faɗa, amma aƙalla ba mu ƙaryata su ba.

Shi ma mai kujerar yana da nasa hisabin. Brian Williams yana kan ganiyarsa ta karanta labarai a tashar NBC ta Amurka aka gano a 2015 cewa labarin da yake bayarwa na wai an harbi jirgi mai saukar ungulu da yake ciki a Iraƙi a 2003 ba haka ya faru ba, wani jirgin aka harba. Aka dakatar da shi wata 6 ba albashi, kuma bai sake komawa waccan kujerar ba. Don haka Malam ka ci gaba da sa ido, ka dinga haɗa tasha biyu uku kana kwatantawa, ka lura da abinda aka faɗa da wanda aka tsallake, amma kar ka yi musu kuɗin goro.

TAMBAYA: 'Yata ta gama karatu an ɗauke ta aiki a talabijin, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ina jin tsoron dawowar dare, da maganar mutane, da kuma kar a ce sai ta canza shigarta. Ki bani shawara tsakani da Allah. Daga wani uba.

AMSA: Baba Allah ya saka da alheri da baka yanke hukunci kai tsaye ba ka tsaya tambaya. Zan faɗa maka yadda abin yake ba tare da na shafa masa mai ba.

Lokutan aikin suna da wuya, wannan gaskiya ne. Mai labaran safe ƙarfe uku na dare take tashi, wata ma kafin nan, don a shiga da asuba. Mai na dare kuma sai an rufe labaran ƙarshe take kama hanya. Ranar hutu da ranar biki da kowa yake gida da iyalinsa labarai basa hutu, wani dole ya zauna a kujerar, kuma sabon shiga ake fara turawa. Don haka tambayar da ya kamata ku yi wa tashar tun kafin ta sa hannu ita ce akwai motar da take mayar da ma'aikatan dare gida? Tashar kirki tana da ita. In babu, ku tsara a gida wa zai dinga ɗauko ta. Wannan haƙƙinta ne ta tambaya, ba rashin kunya bane.

Shiga kuwa, duniyar ta canza sosai. A Masar an yi shekaru da dama mace mai ɗankwali ko hijabi bata karanta labarai a talabijin ɗin gwamnati, sai a watan Satumba na 2012 Fatma Nabil ta fito da hijabinta ta karanta. A Ingila Fatima Manji ta gabatar da labarai a Channel 4 da hijabinta. Abinda situdiyo take buƙata na fasaha ne kawai, kaya masu ƙananan zane-zane ko siraran layuka suna rawa a kyamara, mai sheƙi sosai yana mayar da hasken fitila, in kuma a gaban koren bango za a tsaya kamar masu hasashen yanayi toh ba a sa kore don jikin mutum zai ɓace a allo. Hodar da ake shafawa maza ma suna shafa ta, saboda fitilun suna sa fuska ƙyalli. In wani ya nemi ta wuce wannan, ta ce a nuna mata a rubuce a kwantiraginta.

Inda nake so ka fi tsaya mata shine maganar mutane. Mace a allo ana mata abinda ba a yi wa namiji, ta yi ƙiba a yi magana, ta rame a yi magana, ta yi ciki a yi magana, shi kuwa abokin zamanta furfura ma sai a ce ta ƙara masa kwarjini. Wannan tsohuwar cuta ce. A 1981 wata tasha a Kansas City ta Amurka ta cire Christine Craft daga kujera tana da shekara 36, ta ce an faɗa mata wai masu kallo suna ganin ta tsufa, bata da kyau, kuma bata rusuna wa maza. Ta kai ƙara, a 1983 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya ta dala 500,000, daga baya aka soke hukuncin, ta bi har kotun ƙoli bata samu ko sisi ba. Amma shari'ar ta sa an fara maganar a fili. Yanzu kuma ga Facebook da sauransu, wanda bai taɓa ganinta ido da ido ba zai zauna ya rubuta abinda ya ga dama. Ka ce mata kar ta dinga sa inda take ko hoton ƙofar gida, kuma duk wanda ya fara bibiyarta ta sanar da shugabanninta da ku tun da wuri kar ta ɓoye don kunya.

Mata sun daɗe a aikin nan Baba. Fuskar farko da aka gani ranar da aka buɗe talabijin ta WNTV a Ibadan a 1959 ta mace ce, Anike Agbaje-Williams. Yarinyar da ta san in ta dawo gida akwai uban da zai tambaye ta yaya aiki, ya kuma ce mata na kalle ki yau kin yi ƙoƙari, ba ƙaramin abu bane zai girgiza ta.

TAMBAYA: Suna da kuɗi kuwa? Na ga kullum cikin sabbin kaya. Daga wata mai ɗinki.

AMSA: 'Yar uwa kaɗan ne a can sama suke samun kuɗi na gaske, sauran albashi ne kamar na kowa, wani ma bai kai ba. A Amurka an raba ƙasar zuwa kasuwannin talabijin 210, New York ce ta ɗaya, ta ƙarshe wani ɗan gari ne Glendive a jihar Montana, kuma albashi yana bin girman kasuwa, shi yasa matasa suke farawa a ƙaramin gari su yi shekara biyu su tattara su koma wanda ya fi shi. Kayan da kike gani sau da yawa daga aljihunsu ne, wani lokacin kuma mai shago ne ya bayar a sa sunansa a ƙarshen shiri. Na san wadda take da riguna na sama guda biyar tana juya su da mayafi daban-daban. Ga shi an san fuskarka ko'ina, kowa yana zaton kana da shi, masu neman taimako basa ƙarewa a ƙofa.

TAMBAYA: Ta yaya mutum zai karanta labarin mutuwar yara ko hatsari fuskarsa ko gezau? Basu da tausayi ne? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya suna da shi, riƙewa suke yi, kuma riƙewar ma don ku ne. A lokacin tashin hankali mutumin da yake gida yana neman wanda zai faɗa masa a natse wace hanya aka rufe, wane asibiti aka kai mutane, wace lamba zai kira. In mai faɗar ya fashe da kuka toh wa zai faɗa? Amma wani lokacin abin yana fin ƙarfin mutum. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 da Cronkite yake sanar da mutuwar Shugaba Kennedy, ya cire tabarau ya kalli agogon bango ya faɗi lokacin, muryarsa ta sarƙe na ɗan lokaci kafin ya ci gaba, kuma har yau wannan 'yan sakan ɗin ake tunawa da shi.

A tashar cikin gari abin ya fi tsanani, don waɗanda ake faɗa ba baƙi bane. Akwai ranar da mota ta yi hatsari da 'yan makaranta, ɗan rahotonmu ya turo sunaye saura minti kaɗan mu shiga, ni kuma a lokacin ina da zafin son mu riga kowa, na sa aka hau da su na'ura. Mai karanta mana, mace ce, ta duba ta ce min ta makirufo an sanar da iyayensu? Na ce ban tabbata ba. Ta ce toh ba za ta karanta ba. Ta faɗi hatsarin, ta faɗi wurin da adadin da hukuma ta tabbatar, ta ce za a kawo sunaye bayan an sanar da iyalai. Da muka tafi talla na ga hannunta yana rawa akan takarda, ashe ɗaya daga cikin sunayen ɗan maƙwabciyarta ne, yaron da take gani kullum da safe da jakarsa. Ta sha ruwa, aka gyara mata fuska, jan fitilar kyamara ta kama ta ci gaba da labarin kasuwa. Sai da aka rufe ta kifa kai akan tebur. Daga ranar ban sake hawa da sunan mamaci ba sai na ji daga bakin hukuma cewa gidansu sun sani.

Wasu kuma zuciyarsu bata dace da wannan riƙewar ba, kuma ba aibi bane. Oprah Winfrey da mai karanta labarai ta fara a Nashville tana 'yar shekara 19, ta koma Baltimore a 1976 aka bata labaran ƙarfe shida, ba a yi shekara ba aka sauke ta. Ita da kanta ta sha faɗin yadda labaran mutane suke shiga ranta. Aka mayar da ita shirin hira a 1978, abinda ya hana ta zama a waccan kujerar shine ya ɗaga ta a wannan.

TAMBAYA: Akwai wanda muke kallo tun ina yaro, sama da shekara ashirin, rana ɗaya kawai muka daina ganinsa ba sallama. Mahaifiyata har yanzu tana tambaya. Me yake sa haka? Kuma da wayoyin nan da AI, aikin ma zai ɗore kuwa? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan uwa ka gaida min Mama. Dalilan suna da yawa, kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba, ko sabon shugaba ya zo yana son sabbin fuskoki, ko an sayar da tashar ana rage kashe kuɗi kuma wanda ya daɗe shi ya fi albashi, ko rashin lafiya, ko kuma an mayar da shi ofis ya zama manaja. Wani lokacin ma wata tashar ya koma, amma a kwantiraginsa akwai sharaɗin ba zai fito a allon abokan hamayya a gari ɗaya ba sai bayan wasu watanni. Ni abinda yake min ciwo shine rashin sallamar. Mutum ya shekara ashirin yana shiga falon mutane kullum, ya faɗa musu sakamakon zaɓe, ya faɗa musu rasuwar manyansu, ya zauna da su daren ambaliya har gari ya waye, bai kamata a cire shi kamar an canza labule ba. Minti biyu ya yi bankwana ba zai rage wa tasha komai ba.

Inda aka san darajar abin kuwa ana yi musu biki. Dave Ward ya shiga tashar KTRK ta Houston a 1966 bai bar ta ba sai 2017, har littafin Guinness ya sa sunansa. Chuck Scarborough ya yi shekara 50 a WNBC ta New York, daga 1974 zuwa 2024. Irin waɗannan sun zauna gari ɗaya har jikokin masu kallonsu na farko suka girma a gabansu, kuma Mama irin wannan shaƙuwar take nema.

Batun AI, wato fasahar da kwamfuta take kwaikwayon basirar mutum, tun 2018 kamfanin dillancin labarai na Xinhua a Chana ya nuna mai karanta labarai na kwamfuta, da fuska da murya, kuma tun daga lokacin abin sai ƙara kyau yake. Karatun zalla kam na'ura za ta iya, masu kallon talabijin ma suna raguwa matasa sun koma waya, tashoshi suna rage ma'aikata, mutum ɗaya yanzu shi ne ɗan rahoto shi ne mai kyamara shi ne mai haɗa hoto. Wanda karatu kawai ya iya yana cikin haɗari. Wanda zai kalli takarda ya tambaya an sanar da iyayensu kuwa, shi har yanzu ban ga na'urar da za ta zauna a madadinsa ba.

In kana son sanin inda mutumin naku yake, ka rubuta wa tashar ko ka kira sashen hulɗa da jama'a ka tambaya cikin ladabi, sau da yawa suna faɗa, wani lokacin ma su isar masa da saƙo. Ka rubuta abinda Mama ta ce da bakinta ka haɗa da shi.